Yadda Ake Bambance Kifayen Bas Masu Kama da Juna, da Yadda Ake Gyara Su Don Ci

Duk wanda ya yi zama a Amurka ko Kanada, in dai yana taɓa fatsa ko yana leƙa wurin masu ɗanyen kifi, ba zai jima ba zai ci karo da kifin da suke kira bas. Sunan ɗaya ne, amma kifayen da ke amsa shi suna da yawa, wasu ko dangi ba su haɗa ba. Rashin iya raba su kuwa yana taɓa aljihu. A jihar Texas, farin bas da ya kai inci 10 doka ta yarda ka tafi da shi gida, har guda 25 a rana. Ɗan'uwansa ruwa-biyu, wato haɗin farin bas da wani bas mai ratsi, wanda yana ƙarami da ƙyar ido ke raba su, sai ya kai inci 18, kuma biyar kacal aka yarje maka. In jami'in kula da kifi da namun daji ya buɗe kularka ya tarar ka gwamutsa su, ba ruwansa da "ban sani ba", tara zai rubuta maka. A kicin ma haka abin yake: wani da fatarsa ya fi daɗi, wani kuwa sai an feɗe shi an yanke masa jan nama kafin a ji daɗinsa.

Da farko, gane gidansu

Jiƙa hannunka kafin ka taɓa kifin, domin yauƙin jikinsa shi ke kare shi daga cuta, kuma ba ka riga ka san ko na saki ba ne. Sa babban yatsa a bakinsa ka kama leɓen ƙasa, ɗaya hannun ka tallabi cikinsa. Haƙoransa ƙanana ne, ba sa yanka. Abin da ke jin ciwo shi ne ƙayoyin gadon baya da gefen marfin kuncinsa, wanda a wasu yake da kaifi sosai.

Yanzu dubi launinsa. In kore ne ko ruwan ƙasa, to ɗan gidan farko ne, waɗanda ake ce wa baƙaƙen bas, mazauna ruwan daɗi zalla. In fari ne mai sheƙin azurfa da siraran layuka daga kai zuwa wutsiya, ɗan gida na biyu ne. Daga nan launi ya gama aikinsa, kada ka ƙara dogara da shi. Kifin da ya fito daga ruwa mai laka yakan koɗe har zanensa ya ɓace, wanda ya fito daga ruwa garau kuma ya yi duhu, alhali iri ɗaya ne.

Korayen nan uku

A gidan farko uku ne suka fi yawa: mai babban baki, mai ƙaramin baki, da mai ɗige-ɗige. A littafin dokar kamun kifi za ka gan su da sunan largemouth, smallmouth da spotted.

Rufe masa baki. A nan yawancin mutane ke ɓata, don in bakin yana buɗe kowannensu wagegen baki gare shi. Kwantar da kifin a gefe, ka nemo inda ƙashin leɓen sama ya ƙare, ka kwatanta shi da ido. In ƙashin ya zarce bayan ido, mai babban baki ne. In ya tsaya wajen tsakiyar ido, mai ƙaramin baki ne. In ya je dab da ƙarshen ido amma bai wuce ba, mai ɗige-ɗige ne. A 'ya'yan kifi ƙanana wannan awo bai cika aiki ba, amma waɗannan dama ba na ɗauka ba ne.

Sai ka ɗaga fiffiken gadon bayansa da yatsa. Kashi biyu ne, na gaba mai ƙaya, na baya mai laushi. A mai babban baki akwai kwari mai zurfi tsakaninsu, har ka ce ba a haɗe suke ba. A sauran biyun kuwa a haɗe suke sarai, ɗan loɓawa ne kawai.

Abu na uku harshe. Zura yatsa ka shafa tsakiyarsa. Mai ɗige-ɗige yana da ɗan wuri mai kaushi kamar sanfefa, wato ƙananan haƙora ne a jere. Harshen mai babban baki yawanci sumul yake, sai dai akan sami ɗaiɗaiku masu wannan kaushin, don haka kada harshe kaɗai ya yanke maka hukunci. Ni sai alama biyu cikin ukun nan sun yi daidai nake sakankancewa.

Bayan haka ne zane ke ƙara tabbatarwa. Mai babban baki yana da baƙin ratsi mai faɗi, mai dabbare-dabbare, daga kunci zuwa wutsiya, ƙasansa kuma fari fes. Mai ɗige-ɗige shi ma yana da ratsin, amma ƙarƙashinsa akwai ƙananan ɗigo jere-jere suna bin ciki, sannan ɓawon kuncinsa ya fi na jikinsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin baki ruwan tagulla ne, ratsinsa daga sama zuwa ƙasa yake saukowa, sau da yawa idonsa ja, ga wasu layuka masu duhu da suka taso daga ido suka ratsa kunci.

Wurin da ka kama shi ma shaida ne. Mai babban baki na son ruwa mai ɗumi, kwantacce, mai ciyawa da kututture. Mai ƙaramin baki na son ruwa mai sanyi, garau, mai duwatsu da tsakuwa, irin na tafkin Erie da kogin St. Lawrence da ke kan iyakar Amurka da Kanada. Girmansu ma ba ɗaya ba: mafi girman mai babban baki da aka rubuta ya ɗan haura kilo 10, George Perry ya kama shi a jihar Georgia a 1932, sai a 2009 aka kamo tamkarsa a tafkin Biwa na Japan. Na mai ƙaramin baki kuwa bai kai kilo 6 ba, an kama shi a tafkin Dale Hollow na Amurka a 1955.

A Texas mai babban baki da mai ƙaramin baki sai sun kai inci 14, mai ɗige-ɗige ba a sa masa iyakar tsawo ba. A New York inci 12 ne, guda biyar a rana, daga 15 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. Kowace jiha da tata doka, wani tafkin ma da tasa ta daban, kuma ana sauya su, saboda haka ranar da ka yanki lasisi ka karɓi littafin dokar shekarar. Awo kuma daga leɓe ne, baki a rufe, zuwa ƙarshen wutsiya a matse.

Masu launin azurfa

Babbansu shi ne mai ratsi, striped bass, wanda mutanen Maryland ke ce wa rockfish. Asalinsa kifin gaɓar tekun Atlantika ne da ke hawowa koguna ya yi ƙwai, amma yana rayuwa a manyan madatsun ruwa, kuma tun 1879 aka kai shi California. Yana girma ƙwarai, wanda aka kama a Connecticut a 2011 ya kai wajen kilo 37. Sai farin bas, ɗan madaidaici, da wuya ya wuce kilo ɗaya da rabi. Na ukunsu ruwa-biyu ne, haɗin waɗannan biyun, wanda aka fara ƙyanƙyasa a South Carolina a shekarun 1960, yanzu kuma ana zuba shi a tafkuna ana kuma kiwonsa don kasuwa.

Fara da siffar jiki. Auna faɗinsa daga gadon baya zuwa ciki. Mai ratsi siriri ne dogo, faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ba. Farin bas da ruwa-biyu masu faɗi ne, da ɗan tozo a bayan kai.

Sai layuka. Na mai ratsi baƙaƙe ne raɗau, bakwai ko takwas, miƙaƙƙu, da dama sun kai har wutsiya. Na ruwa-biyu ma a fili suke, amma a kakkarye, musamman na ƙasa. Na farin bas dishi-dishi ne, yawanci ɗaya tak ke kaiwa wutsiya.

Inda ake kai ruwa rana shi ne tsakanin babban farin bas da ƙaramin ruwa-biyu, kuma harshe ne ke raba gardamar. Buɗe bakin, haska fitilar waya can ƙuryar harshe. Farin bas wurin haƙora ɗaya gare shi a tsakiya. Mai ratsi da ruwa-biyu biyu gare su gefe da gefe, ko da yake a ruwa-biyu sukan matsu da juna har sai ka ƙura ido. In ka duba ka kasa tantancewa, kuma kifin bai kai inci 18 ba, mai da shi ruwa.

Akwai kuma rawayan bas, ƙarami: ba haƙora a harshensa, kashi biyun fiffiken gadon bayansa a haɗe suke, layukansa na ƙasa sun karye sun goce.

In a kasuwa za ka saya

Jihohi da yawa sun hana sayar da baƙaƙen bas da aka kamo daga daji, don haka wanda ka gani da rai a tankin kanti na kiwo ne. Mai layuka da aka fi samu kan ƙanƙara kuwa sau da yawa ruwa-biyu ne na kiwo, kakkaryayyun layukansa za su gaya maka. Branzino bas ne na tekun Turai, Turkiyya da Girka ne kan gaba wajen kiwonsa, kuma dangin mai ratsi ne. Black sea bass daga wani gida yake daban. Wanda ake rubuta wa Chilean sea bass kuwa ba bas ba ne ko kaɗan, kifin ruwan sanyi ne na can ƙuryar kudancin duniya da 'yan kasuwa suka raɗa wa suna. Wanda zai fi ba mutumin Yawuri ko Baga sha'awa shi ne barramundi, da ake kira bas na Asiya: ɗan'uwan giwan ruwa ne na kusa, jinsinsu ɗaya, kuma yadda ka saba sarrafa giwan ruwa haka za ka sarrafa shi.

Ko wanne ne, ido ya kasance garau, ba wanda ya loɓa ba, soson numfashinsa ja jawur, in ka danna tsokar ta dawo.

Wanne ya kamata ka ɗauka

Mu mun saba ganin babban kifi shi ne rabo. A bas ba haka ba ne. Kifi ne mai cin 'yan'uwansa kifaye, saboda haka duk gubar da ke ruwan tana taruwa a jikinsa gwargwadon shekarunsa. Wanda ya ɗan haura awon doka, mai rabin kilo zuwa kilo ɗaya, ya fi tsabta, naman ya fi laushi. Manyan kuma galibi mata ne masu ƙwai, barinsu ya fi amfani. Za ka ma lura Amurkawa da yawa ba sa cin mai babban baki sam, wasa suka ɗauke shi, su kama su ɗau hoto su saki, har wani ya harare ka in ya ga ka jefa shi a kula. In kana kan doka ba ka yi laifi ba.

Guba iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Zaiba, wato makuri, a cikin tsoka take, wanki ko dahuwa ko yanke-yanke ba sa fitar da ita, sai dai rage ci da zaɓen ƙananan kifi. Sinadarin PCB kuwa, wata gubar masana'antu, a kitse yake taruwa: fata, tumbi, kai da jan naman gefe. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mu masu cin kai ne da fata da shan romo. Kogin Hudson na New York ya yi ƙaurin suna da PCB, hukumar lafiyar jihar tana da gargaɗi mai tsauri kan kifinsa, musamman ga yara da matan da ke shekarun haihuwa. Kowace jiha na fitar da irin wannan gargaɗi ruwa-ruwa. Duba na ruwan da kake zuwa. In yana cikin jerin, bi adadin da suka ce, ka cire fata da kitse, ka manta da farfesun kai.

Daga ƙugiya zuwa ƙanƙara

Daɗin kifin ko rashinsa a mintunan farko ake yanke shi. Kifi ba ya buƙatar yanka kafin ya halatta, amma fitar da jininsa na gyara nama. Buga masa abu mai nauyi a ka, dab da bayan idanu, ya mutu nan take. Ɗaga marfin kunci, ka yanke jan soson numfashi ta gefe biyu, ka tsoma shi a bokitin ruwa kai ƙasa na minti biyar. Sai ka binne shi a ƙanƙara, ƙasa da sama, ka bar mafitar kular a buɗe don kada ya jiƙu a narkakken ruwa. Kifin da aka bari ya mutu a hankali cikin leda a rana, ba kayan ƙamshin da zai ceto shi.

Kada ka cire kai ko wutsiya ko fata a bakin ruwa sai ka tabbatar doka ta yarda, jihohi da dama suna so jami'i ya same shi yadda zai iya ganewa ya auna.

Gyara

Da ka isa gida, fara da almakashi ka datse duk ƙayoyin fiffike, hannunka zai huta. Daga nan hanya ta rabu biyu.

In gaba ɗayansa za ka gasa ko ka soya, kankare ɓawon daga wutsiya zuwa kai da bayan wuƙa ko cokali, cikin roba mai ruwa don kada ya fantsama. Tsaga ciki daga mafitar kashi zuwa maƙogwaro da tsinin wuƙa, sama-sama, don in ka fasa maɗaciya ɗaci zai bi naman. Zaro kayan ciki, cire soson numfashi duka, sannan ka kankare daskararren jinin da ke manne da ƙashin baya ta ciki. Rabin ƙarnin kifi a nan yake. Wannan hanya ta dace da mai ƙaramin baki, branzino, da ƙaramin ruwa-biyu na kiwo.

In kuwa mai babban baki ne da ya fito daga tafki mai ɗumi da gansakuka, feɗe shi ya fi, domin warin taɓon nan a fata da kitse ya fi zama. Kwantar da shi, yanka bayan kunci har wuƙa ta taɓa ƙashi. Juya bakin wuƙar ya fuskanci wutsiya, ka bi gadon baya a hankali kana jin ƙashi a ƙarƙashinta, kana ɗaga tsokar da ɗaya hannun. In ka zo haƙarƙari ka bi ta samansa, kada ka sare shi. Tsokar ta fita, kifa ta fata a ƙasa, kama bakin fatar ta wajen wutsiya, kwantar da wuƙa tsakanin fata da nama, ka riƙa jan fatar kana ɗan kaɗa ta, wuƙar na tsaye wuri ɗaya. Shafa yatsa a tsakiyar tsokar ta wajen kai, za ka ji jerin ƙananan ƙayoyi. Yanka gefe da gefensu ka ɗauke siririn yankin gaba ɗaya, musamman in yara za su ci.

Masu launin azurfa suna da ƙarin aiki guda. Bayan ka cire fata za ka ga jan nama mai duhu ya bi tsakiyar tsokar daga kai zuwa wutsiya. Shi ne mai ƙarfin ƙarni. Karkata wuƙa ka yanke shi ta gefe biyu, ka kuma share jan da ya shimfiɗu sama-sama. Masu cewa farin bas ba shi da daɗi, yawancinsu wannan ne ba su cire ba.

Wani lokaci za ka ga ƙananan baƙaƙen ɗigo a fata, ko 'yan ƙulli rawaya a cikin tsoka. Ƙwayoyin tsutsa ne da aka saba gani a kifin ruwan daɗi, dahuwa na kashe su. Ciccire na rawayan da tsinin wuƙa, in sun yi yawa har ranka bai kwanta ba, zubar. Abin da babu sassauci a kansa shi ne kada a ci kifin ruwan daɗi ɗanye ko rabin dahuwa.

Ɗauraye da ruwan sanyi, shafa gishiri da lemon tsami, bar shi minti 15, ka sake ɗaurayewa ka tsane shi da kyau. Kada ya daɗe a lemon, tsamin na dafa naman ya sa ya yi gari-gari. A firij kwana ɗaya zuwa biyu ne iyakarsa. In firiza za ka sa, matse iskar ledar tas, ka cinye cikin wata uku, in za ka narkar kuma ka sauko da shi firij tun dare.

Wuta

Ƙa'idar ɗaya ce: tsakiyar naman ya kai zafin digiri 63 a ma'aunin Salshiyos. In ba ka da ma'auni, soka cokali mai yatsu a wuri mafi kauri, naman ya zama fari har ciki yana rabuwa sala-sala. Kusan minti 10 ne ga kowane inci na kauri.

Tsokar mai babban baki da ta farin bas suya ta fi karɓar su, don ba su da kitse sosai. Barbaɗa gishiri, citta, tafarnuwa da ɗan masoro, juya a garin masara mai ɗan laushi da aka haɗa da yaji, ka saka a man gyaɗa mai zafi, wajen digiri 175 zuwa 180. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe. Kada ka cika kasko, zafin mai zai sauka kifin ya sha mai.

Mai ƙaramin baki namansa ya fi tauri da ɗan zaƙi, shi da branzino gashi ne nasu. Tsattsaga kowane gefe sau uku har ƙashi, cusa markaɗen attaruhu, albasa, citta, tafarnuwa da mai, ka bar shi rabin awa a firij. Gawayi ya ruru ya yi toka-toka, shafa wa ragar mai, ɗora kifin ka ƙyale shi. In ka ɗaga ka ji fatar na manne, bai isa juyi ba. Sau ɗaya ake juya shi. Garin ƙuli-ƙuli a ƙarshe ake barbaɗawa, in an sa da wuri ƙonewa yake.

Mai ratsi yana da ɗan maiƙo da manyan sala, yana jure gashi, yana kuma yin banda mai kyau, sai dai bandar da ba ta bushe ƙarau ba a firij ake ajiye ta.

Farfesu kuwa sai da lura, domin bas ba ya jure tafasa yadda tarwaɗa ke jurewa. Haɗa romon tukuna: albasa, attaruhu, citta, kimba, masoro, kanumfari kaɗan, daddawa da gishiri, su tafasa har ƙamshi ya tashi. Yanka kifin gunduwa-gunduwa da ƙashinsa, ƙashin ne ke riƙe naman. Rage wuta, jera gunduwoyin a romon, rufe na minti takwas zuwa goma. Kada ludayi ya shiga, in kana so ya juyu kama hannun tukunyar ka girgiza a hankali. Zuba ɗoɗɗoya ko ganyen albasa ka sauke, ka bar shi a rufe minti biyar kafin a zuba.